Ziyarar Positano a Gaɓar Amalfi: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin mutanenmu masu shirin zuwa Positano, ko daga gida za su taso, ko daga wani birnin Turai inda suke karatu ko aiki. An fara da abin da kowa ke buƙata kafin ya ɗaura akwati, sannan aka shiga na cikin gari.

Ina ne Positano, kuma me ya sa hotunansa suka cika ko'ina?

Ƙaramin gari ne a kudancin Italiya, a yankin Campania, cikin lardin Salerno, kimanin kilomita 60 daga birnin Napoli. Mazaunansa na dindindin ba su wuce 4,000 ba. An gina shi a jikin dutse mai gangarowa kai tsaye cikin Bahar Rum, gida a kan gida, wannan fari, wancan rawaya, na samansa ruwan hoda, har ka ga kamar rufin wani shi ne tsakar gidan maƙwabcinsa. Yana cikin garuruwan gaɓar Amalfi, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1997.

A da garin masunta ne, kuma talauci ya taɓa cin sa sosai. A ƙarni na 19 jama'arsa da yawa suka yi ƙaura zuwa Amurka, akasari birnin New York. A ƙarni na 20 masu zane da marubuta suka fara zama a can, sai marubucin Amurka John Steinbeck ya yi rubutu a kansa a mujallar Harper's Bazaar a 1953, daga nan sunansa ya fita duniya. Yau kusan kowane gida a garin daga baƙi yake ci.

Wace biza ake buƙata?

Italiya tana cikin ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, don haka mai fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana bizar ɗan gajeren zama zai nema, wadda ke ba da izinin kwana 90 a cikin kwana 180. Tun daga Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa, bayanan asusun banki, da abin da zai nuna kana da aiki ko sana'ar da za ka komo wa. Fasfo kuma sai ya kasance da sauran wata uku bayan ranar da za ka bar Turai.

Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida tafiya. Wanda ke son zuwa a Mayu ya fara neman ranar ganawa tun cikin sanyi. Idan tafiyar ta haɗa ƙasashe biyu ko uku, ƙasar da za ka fi daɗewa a ciki ita ake nema wa biza. Kada ka bari wani dillali ya haɗa maka takardar otal ta bogi. In aka gano, zai bi ka a duk neman da za ka yi nan gaba.

Ta yaya ake isa garin?

Positano ba shi da filin jirgin sama, ba shi da tashar jirgin ƙasa. Daga Kano, Abuja ko Yamai sai an canza jirgi a hanya, a irin su Istanbul, Alƙahira ko Addis Ababa, a sauka a Rum ko Napoli. Jirgin ƙasa mai gudu daga Rum zuwa Napoli awa ɗaya ne da 'yan mintuna.

Daga Napoli hanya mafi araha ita ce jirgin ƙasa na Circumvesuviana zuwa Sorrento, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya, sannan bas ɗin SITA zuwa Positano. Ana sayen tikitin bas kafin a hau, a shagunan taba masu alamar T ko wajen masu sayar da jarida, a kuma buga shi a na'ura da an shiga. Bas yana tsayawa wuri biyu a garin: Chiesa Nuova da ke can sama, da Sponda wadda ta fi kusa da tsakiya. Ka tambayi masaukinka wacce ta fi maka, domin sauka a wadda ba daidai ba na iya jawo maka hawan da ba ka shirya masa ba.

Ni dai shawarata ita ce ruwa. Daga kusan Afrilu zuwa Oktoba jirage na zirga-zirga daga Salerno, Amalfi, Sorrento da Capri. Mai zuwa daga Rum yana iya zarcewa da jirgin ƙasa har Salerno, ya taka zuwa tashar ruwa, ya hau. Babu cunkoso, babu amai, kuma daga teku ne kaɗai ake ganin garin gaba ɗaya, tun daga kwale-kwalen da ke bakin ruwa har gidajen da ke maƙale a ƙarƙashin gajimare. Sai dai in teku ta yi fushi ana soke tashi, don haka ranar da za ka kama jirgin sama kada ka dogara da jirgin ruwa shi kaɗai.

In ɗauki hayar mota in tuƙa da kaina?

A'a, sai in dole. Titin gaɓar, SS163, siriri ne, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi zuwa teku a ɗaya hannun. Direban bas yakan danna hon kafin kowace kwana, wani lokaci sai motocin da ke gaba sun ja da baya kafin ya wuce. Wurin ajiye mota kaɗan ne kuma da tsada. Tun 2022 ma ana taƙaita shigar motoci a ranakun cunkoso bisa lambar ƙarshe ta mota, yau masu mara, gobe masu cika. Wanda mota ke sa wa tashin zuciya ya sha magani kafin ya hau bas, ya zauna gaba. Daga Sorrento kujerun dama su ne ke kallon teku.

Ana ta maganar matakala. Da gaske ta kai yadda ake faɗa?

Ta kai, har ta wuce. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a nan, domin masauki, kaya, takalmi, lokacin fita, duk a kanta suke rataye. Titin mota ɗaya ne ke ratsa garin, Viale Pasitea, mai hannu ɗaya, yana gangarowa ya kai dandalin Piazza dei Mulini, sannan ya haura ta Via Cristoforo Colombo. Duk abin da ba ya bakin wannan titi, da ƙafa ake zuwa masa, ta lunguna masu matakala. Wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala ya ƙaddara zai yi irin wannan hawan sau da yawa a yini, wani lokaci da cikinsa cike bayan cin abincin dare.

Taswirar waya tana yaudara a nan. Za ta nuna maka otal da bakin teku kusa da juna, mita ɗari uku, ba za ta faɗa maka tsakaninsu matakala ɗari huɗu ba. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ka rubuta musu ka tambaya ƙarara: matakala nawa ne daga titi zuwa ƙofa, kuma nawa ne daga ƙofa zuwa teku? Sun saba da tambayar, suna da amsarta. Akwai 'yan dako da ke ɗaukar akwatuna daga tashar ruwa zuwa masauki, ana biyansu bisa kowace jaka. Duk da haka ka rage kaya. Akwati mai taya ba ya amfani a kan matakala, ɗaukarsa za ka yi a hannu.

Dabarar mutanen garin ita ce a sauka da ƙafa, a hau da ƙaramin bas na cikin gari da ke zagaya titin. Da sassafe, kafin jiragen baƙi su fara isowa, za ka ga masu kai kaya suna saukar da katan-katan na ruwa da buhunan fulawa a kafaɗa zuwa gidajen abinci, tsofaffin mata na hawa a hankali da jakar cefane, suna tsayawa su huta inda suka saba tsayawa. Ka ba su hanya. Lungun da kake son tsayawa ɗaukar hoto, hanyar gidansu ce.

Zan iya zuwa da mahaifiyata, ko da ƙananan yara?

In Hajiya tana fama da gwiwa, hawan jini ko numfashi, kada a sa ta kwana a Positano. A kama masauki a Sorrento, Maiori ko Salerno, inda ƙasa ta fi shimfiɗuwa, a kawo ta da jirgin ruwa da safe. Daga tashar ruwa zuwa babban bakin teku da gidajen abincin da ke jere a wurin babu hawa sosai, za ta ga garin daga ƙasa, ta ci abinci, a koma da la'asar. Haka ma mai tsohon ciki. Jariri kuwa goyo ya fi keken turawa nesa ba kusa ba.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Mayu zuwa farkon Yuni, ko tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Rana ba ta da zafi sosai, jirage na aiki, ruwan teku a Satumba yana da ɗumi. Yuli da Agusta zafi kan kai digiri 30 da ɗoriya. Mutumin Sakkwato zai ce wannan ai ba zafi ba ne, amma zafi ne mai gumi, ga hawa, ga cunkoso. Bas kan zo cike ya wuce mutane a tsaye. Ranar 15 ga Agusta, Ferragosto, hutun ƙasa ne kuma ranar bikin babban cocin garin, ana wasan wuta a kan teku da dare, jama'a kuwa ba masaka tsinke.

Daga Nuwamba zuwa kusan ƙarshen Maris otal-otal da gidajen abinci da yawa suna rufe, ruwan sama na yawaita, wani lokaci duwatsu su zubo su tare titi. A lokacin zafi agogon Italiya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Da sanyi lokaci ɗaya ne.

Yini ɗaya ya isa, ko sai an kwana?

Yini ɗaya ya isa a ga gari, amma a mafi munin sa'o'insa. Masu zuwa su koma suna cika shi daga hantsi zuwa la'asar. Wanda ya kwana shi ke samun safiya da almuru, lokacin da lunguna suka yi shiru, fitilu suka kama jikin dutsen. In aljihu zai ɗauka, kwana biyu ya yi. In ba zai ɗauka ba, a duba Praiano da ke maƙwabtaka, ko ƙauyukan Montepertuso da Nocelle da ke saman garin, tare da tuna abin da aka faɗa kan matakala.

Tsadar fa?

Yana cikin garuruwan da suka fi tsada a Italiya, kuma duk abin da ya kusanci teku kuɗinsa na ƙaruwa. Akwai wasu kuɗaɗe da kan ba baƙo mamaki. A gidan abinci za ka ga coperto a takardar biya, kuɗin zama ne bisa kowane mutum, ba cuta ba ce. Otal na karɓar harajin kwana na hukumar gari, sau da yawa daban da kuɗin ɗaki. A bakin teku, kujerun kishingiɗa da laimomin da ke jere haya ake ba da su. Akwai ɓangaren kyauta inda kowa ke shimfiɗa tawul ɗinsa, amma ƙarami ne, sai an yi sammako.

Ruwan famfo ana sha, ka riƙe gora. Burodi da cuku da tumatir daga shagon unguwa abincin rana ne mai kyau. Ka riƙe tsabar yuro kaɗan ko da katinka na aiki, kuma wanda ya shigo da yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan.

Me Musulmi zai ci a can?

Ba za ka yi yunwa ba, domin abincin gaɓar kifi ne da kayan teku, kuma a mazhabar Malikiyya duk halal ne. Akwai gasasshen kifi, akwai taliyar yankin mai kauri da ake kira scialatielli da kayan teku. Abu ɗaya: sukan zuba farar giya a miyar kifi yayin dahuwa. Ka ce "senza vino", wato ban da giya. Tunda nan take ake dafawa, yawanci za su yi maka. Marasa nama kuma akwai pizza margherita, gnocchi alla sorrentina mai tumatir da cuku, spaghetti alla Nerano, da salatin caprese.

Sunayen da za ka guje wa su ne maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salame da salsiccia, duk alade ne. Wanda ya fi ɓuya shi ne kitsen alade, strutto ko sugna, da ake sa wa a wasu kayan fulawa na Napoli irin su sfogliatella, taralli da casatiello. Ka tambaya kafin ka saya. A kayan zaƙi, babà ana jiƙa shi da barasa, delizia al limone ma galibi da limoncello a ciki. Shi limoncello, wanda za ka gani a kwalabe masu kyau rawaya a kowane shago, giya ce mai ƙarfi, kuma mai gidan abinci kan kawo shi kyauta bayan an ci, don karramawa. "No, grazie" da murmushi ya wadatar. A madadinsa ka nemi granita ta lemo, ƙanƙara ce da ruwan manyan lemon tsamin yankin da sukari.

Naman yanka na halal sai Napoli, a unguwannin da ke kewaye da babbar tashar jirgin ƙasa. Abincin dare a gidajen abinci ba ya farawa sai wajen bakwai da rabi.

Zan iya tafiya da kilishi ko dambun nama a matsayin guzuri?

Ba a yarda ba. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, ko busasshe ne. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk za a ƙwace in an gani, har a iya cin tara. Kada ka ɓata kuɗinka da wahalar wadda ta yi maka.

Salla fa? Akwai masallaci?

Babu masallaci a Positano. Don Juma'a sai a shirya zuwa Napoli, inda akwai masallatai a wajen Piazza Mercato da kusa da tashar jirgin ƙasa, ko Salerno. Sauran salloli a ɗaki, matafiyi kuma yana da sauƙin ƙasaru. Alƙibla kudu maso gabas take, a tabbatar da manhajar waya. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi, isha ta kai bayan goma, asuba kuma ta shigo tun kafin huɗu, sai mutum ya tsara barcinsa. Wani sauƙi shi ne kusan kowane banɗaki a otal ɗin Italiya yana da bidet, ƙaramin kwanon tsarki mai famfo kusa da masai. A banɗakunan waje babu shi, sai ƙaramar gora a jaka.

Ni mai hijabi ce. Zan sake a wurin?

Za ki sake. Babu dokar da ta hana hijabi, kuma garin ya saba da baƙi daga ƙasashen Larabawa, Turkiyya da Asiya. Niƙabi ne ke iya jawo tambaya, saboda wata dokar tsaro ta 1975 kan rufe fuska a bainar jama'a. Ki kula da tsawon abaya ko zane a kan matakala, wanda ke jan ƙasa yana iya harɗe ki, kuma takalmi mai tsini ki bar shi a gida.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa: a bakin teku mutane suna cikin kayan wanka ƙanana, maza da mata a haɗe. Wanda hakan zai dame shi ya je da sassafe, ko ya zo a Mayu ko Oktoba, ko iyali su haɗa kuɗi su ɗauki hayar ƙaramin jirgi da matuƙinsa. Bakin tekun tsakuwa ce baƙa-baƙa mai ɗaukar zafi, a sa wa yara takalmin roba.

Ban da hoto, me ake gani?

Ƙubbar nan mai tayil rawaya da kore da ke cikin kowane hoto ta cocin Santa Maria Assunta ce. A ƙarƙashinta akwai ragowar gidan wani attajirin Rumawa da tokar dutsen Vesuvius ta binne a shekara ta 79 miladiyya, aman wutar da ya hallaka tsohon birnin Pompeii. An buɗe shi ga baƙi a 2018, zanen bangonsa har yanzu da launinsa. Daga tashar ruwa wata 'yar hanya na bin jikin dutse zuwa bakin tekun Fornillo, wanda ya fi natsuwa, ana wuce tsohuwar hasumiyar tsaro daga cikin waɗanda aka gina don hango 'yan fashin teku. Tsibiran nan uku da ke can gaba su ne Li Galli. Pompeii kanta tana kan layin jirgin Sorrento zuwa Napoli, ta cancanci yini guda.

Hanyar dutse da ake kira Sentiero degli Dei, kowa zai iya binta?

Mai lafiyar ƙafa wanda tsayi ba ya sa shi jiri zai iya. Tana tashi daga Bomerano a Agerola ta ƙare a Nocelle, kimanin kilomita 7, tafiyar awa uku ko fiye, a gefen dutse can sama da teku, tsakanin gonakin inabi da garken awaki. A fara da sassafe, da ruwa isasshe da takalmi mai riƙe ƙasa, kada a bi ta in an yi ruwa. Daga Nocelle zuwa titin Positano matakala ce fiye da 1,500. Wanda gwiwarsa ta gaji ya jira ƙaramin bas.

An ce yankin yana da tsohuwar alaƙa da ƙasashen Musulmi. Haka ne?

Haka ne, kuma a garin Amalfi ake ganin ta, ƙasa da rabin awa a jirgin ruwa. Amalfi ta zama jamhuriyar 'yan kasuwar teku tun ƙarni na 9, fatakenta na ciniki da Masar, arewacin Afirka da Sisili. Matafiyin nan Ibn Hawƙal ya ambaci arzikinta a ƙarni na 10. Kuɗin zinarensu, tarì, kwaikwayon rubu'in dinarin Musulmi ne, har da rubutu mai kama da na Larabci a jikinsa, kuma zinaren da ke yawo a kasuwannin arewacin Afirka a wancan zamani mai yawa daga cikinsa ayarin raƙuma ne suka ƙetaro da shi Sahara daga yammacin Afirka. Sana'ar yin takarda ma ta hannun Larabawa ta iso musu, akwai gidan tarihinta a wata tsohuwar masana'anta a cikin kwarin garin. A gefen babban cocin akwai farfajiyar Chiostro del Paradiso ta ƙarni na 13, wadda bakunan gininta masu sarƙe da juna salon Larabawa ne.

Tarihin ba ciniki kaɗai ba ne. An yi hare-hare ta teku ƙarni bayan ƙarni, an kwashi mutane bayi, abin da ya sa aka gina hasumiyoyin da aka ambata a sama.

Akwai matsalar tsaro?

Cikin garin lafiya lau, dare da rana. Inda ake taka-tsantsan shi ne tashar Napoli da cikin jirgin Circumvesuviana, saboda 'yan sane. Jaka a gaba, waya ba a aljihun baya ba. Doka ta ba ɗan sanda damar tambayar baƙo takardunsa, don haka fasfo ya kasance a jikinka, hotonsa da na biza a waya. Lambar gaggawa 112 ce. Mai zuwa daga Najeriya ko Ghana ya zo da adafta, soket ɗinsu mai ramuka zagaye ne.

Wace tsaraba ta dace?

Garin ya yi suna da takalman fata da ake haɗa wa mutum nan take bayan an auna ƙafarsa, da tufafin lilin marasa nauyi. Akwai tangaran mai zane na garin Vietri sul Mare, sabulu da alewar lemo, da takardar hannu ta Amalfi. A duba alewa da cakulan, wasu da limoncello a cikinsu. Wanda ba mazaunin Turai ba ne, in ya yi sayayyar da ta wuce yuro 70 a shago ɗaya, yana iya neman takardar maido da haraji. Sai ya nuna fasfo a shagon, ya kuma tabbatar da takardar a wajen kwastan na filin jirgi kafin ya miƙa akwatinsa.